Marasa Baki Biyu a Gida Ɗaya: Alhakin Wa?

  Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata magana wadda ake gani kamar ƙarama ce, amma akwai rai a cikinta.

A gidaje da yawa, musamman na ƙauye da na bakin gari, kare ma'aikaci ne. Shi ke tsaron awaki da dare, shi ke sanar da maigida idan baƙo ya tsaya a ƙofa, shi ke korar birai daga gona. Saboda haka idan karyar maƙwabci ta haihu, ba a rasa mai zuwa roƙon ɗan kwikwiyo. Sau da yawa kuwa gidan da ya karɓo kwikwiyon akwai jariri a ciki, wani ma ba a daɗe da yin sunansa ba. Sai ka ji maigida yana cewa, “Ai gara haka, su tashi tare, su saba da juna.”

To, ga jariri kwance a tabarma, bai san wuta ba, bai san ruwa ba. Ga kwikwiyo yana tsalle a tsakar gida, duk abin da ya gani sai ya kai masa baki. A cikinsu babu mai iya ce wa ɗayan, “Bari, kana ji mini ciwo.” Idan ɓarna ta auku tsakanin marasa bakin nan biyu, wa za a tambaya? Me kuma ya wajaba a kan wanda ya haɗa su a gida ɗaya?

Laifi yana bin sani

Ka san abin da aka saba yi ranar da kare ya ciji yaro. Maza su ɗauko sanduna su bi karen, mata su juya kan uwar yaron ko kan yarinyar da aka bar wa raino. Kafin rana ta faɗi an kashe kare, an zagi mace, kowa ya koma ɗakinsa yana ganin an yi shari'a. Amma wanda ya kawo karen gidan, bai kai shi allura ba, bai koya masa kome ba, sau da yawa ba mai ce masa uffan.

Mutanen dā sun riga mu yin tunani a kan wannan. A shekarun 1945 da 1947 masu tonon kayan tarihi sun samo wasu allunan yumɓu a Tell Harmal, kusa da Bagadaza a ƙasar Iraƙi. A kansu an rubuta dokokin wata tsohuwar masarauta mai suna Eshnunna, tun kimanin shekara 3,800 da suka wuce. A cikin dokokin akwai ta kare. Idan hukumar unguwa ta riga ta sanar da mutum cewa karensa yana da haɗari, ya ƙi tsare shi, har karen ya ciji wani ya mutu, mai karen zai biya shekel 40 na azurfa. A cikin dokokin nan dai, ladan ɗan ƙodago na wata guda shekel ɗaya ne. Ka ga ke nan tarar ta kai ladan aikin fiye da shekara uku.

Haka kuma a littafin Fitowa sura 21 an bambanta tsakanin masu bijimi biyu. Wanda bijiminsa ba a taɓa saninsa da tunkuyi ba, ba a kama shi da laifin jini. Wanda kuwa ya san halin bijiminsa, aka gargaɗe shi, ya ƙi tsare shi, alhakin ran yana wuyansa. Har an ambaci yara maza da mata musamman, don kada wani ya ce ai yaro ne kawai. Dokar Faransa ta 1804 ma, wadda ƙasashe da dama na yankinmu suka gada, ta ɗora wa mai dabba biyan ɓarnar da dabbarsa ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce masa.

Dukansu sun tsaya a kan abu ɗaya. Nauyi yana kan mai hankali, yana kuma ƙaruwa gwargwadon abin da ya sani. Jariri ba shi da laifi. Kwikwiyo kuwa ya yi abin da kare ke yi, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kai ma, ɗan'uwana, da zarar ka gama karanta wannan takarda, ka shiga cikin waɗanda aka sanar.

Kafin ka miƙa hannu ka karɓa

Tambaya ta fari ita ce, ko ya kamata ka karɓi kwikwiyon nan yanzu? An ce taura biyu ba ta taunuwa. Kwikwiyo mai wata biyu ba ya iya riƙe fitsari sai na ɗan lokaci. Yana bukatar a fitar da shi idan ya farka, idan ya ci abinci, idan ya gama wasa. Yana bukatar abinci sau uku ko huɗu a rana. Yana da haƙoran nono 28 masu tsini kamar ƙaya, waɗanda za su zube, 42 su maye gurbinsu kafin ya wuce wata bakwai. Duk tsawon lokacin nan bakinsa yana masa ƙaiƙayi, yana neman abin tauna, ko takalmi, ko bakin tabarma, ko zanen goyo, ko ɗan yatsan da ya gani yana motsi.

Wa zai yi wannan aiki? Maigida, bari in yi magana da kai. Idan kai ka kawo kwikwiyo, gari ya waye ka tafi gona ko kasuwa, ka bar shi da mai jego wadda ba ta yi barcin kirki ba tun da ta sauka, ga wanki, ga girki, ga ɗiban ruwa, to abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai ake yaba wa kana da kare mai tsaro, ita ke kwasar kashi da fargaba. Adalci ya bukaci ka yi shawara da ita tukuna, ka kuma ji amsarta ko da ba ta yi maka daɗi ba. Idan ta ce ba za ta iya ba, gaskiya ta gaya maka.

Babu kunya cikin jira. Karnuka ba za su daina haihuwa ba. Yaron da ya kai shekarun jin “bari” da “zo nan” ya fi jariri sauƙin zama da kare nesa ba kusa ba. Amma idan ɓarayi sun matsa maka, ko kuwa kwikwiyon ya riga ya shigo, to ka karɓi nauyin duka. Kada ka ɗauki amfanin kare ka bar wahalarsa a ƙasa.

Haƙƙin ɗa da haƙƙin dabba

Wani zai ce, “Mutum bai ƙoshi ba, ana maganar abincin kare da allurarsa?” Maganar tana da ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Ɗa shi ne gaba. Idan malmala ɗaya ta rage a gida, ba sai an yi shawarar wanda za a ba ba. Dalilin da ya sa na fara da tambayar ko za ka iya ke nan. Amma bayan ka karɓa, ka sani sakacin da ka yi wa kare a kan ɗanka zai sauka.

Kare mai yunwa yakan tsare abincinsa da haƙori, yakan kuma warce abin da ke hannun yaro. Ga kuma tsutsar ciki. Yawancin 'yan kwikwiyo sukan same ta tun suna cikin uwa ko ta wurin nono. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi, su zauna cikin ƙasa watanni, har shekaru. Yaro mai rarrafe kuwa ba abin da ya iya kamar kai ƙasa baki. Idan ya haɗiye su, tsutsar tana iya kaiwa hanta, ko huhu, wani lokaci har ido. Likitocin dabbobi suna ba da maganin tsutsa tun kwikwiyo yana mako biyu, a riƙa maimaitawa bisa ga lokutan da suka tsara. Ƙwayayen nan kuma sai sun yi makonni a ƙasa kafin su iya cutarwa, saboda haka wanda yake kwashe kashin karensa kowace rana ya binne, ya yanke wa cutar hanya ba da ko sisi ba.

Babbar magana ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kusan kowane ɗayansu daga kare ya samu, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Cutar tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, don haka cizon fuska ko na kai ya fi saurin kisa, nan ne kuwa aka fi cizon ƙananan yara. Kada ka ce ai kwikwiyo ne. Ƙarami ma yana iya ɗauke da ita, kuma miyau a kan rauni, ko a ido, ko a baki, ya isa.

Amma ga albishir, ciwon nan yana da rigakafi. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. Ana yi wa kwikwiyo allurarsa idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya faɗa. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena ta ƙasar Chadi a 2012 da 2013, aka wuce wannan adadi, har aka shafe watanni da dama a 2014 ba a samu kare mai cutar a birnin ba. Daga baya ta sāke shigowa ta wurin karnukan da ke wajen gari. Darasin a fili yake. Allurar karenka kariya ce ga ɗan maƙwabcinka, sakacin maƙwabcinka kuma haɗari ne ga ɗanka.

Ban da wannan duka, dabbar da kanta tana da haƙƙi. Tana jin yunwa da ƙishirwa, tana jin zafin rana a bazara, tana jin tsoro. Littafin Karin Magana sura 12 ya sa kula da dabba cikin abubuwan da ake gane adali da su. Ruwa mai tsabta, da inuwa, da abinci a kan lokaci, bashi ne da ka ɗauka ranar da ka raba kwikwiyon da uwarsa. Kada ma ka raba su kafin ya cika mako takwas, gama a wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake fara koyon cewa cizo mai ƙarfi yana ɓata wasa.

Sanda ko haƙuri?

Yanzu mun zo kan horo. Da yawanmu mun tashi mun ga ana horar da kare da sanda da jifa. Wasu ma sukan ɗaure shi cikin duhu, su hana shi ganin mutane, wai don ya yi zafin rai ya iya tsaro. Bari mu auna wannan hanya da abin da aka bincika.

A garin Bar Harbor na Amurka, wasu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekara 13 suna nazarin yadda 'yan kwikwiyo ke girma, suka buga sakamakon a 1965. Cikin irin karnuka biyar da suka yi aiki da su har da basenji, karen farauta na tsakiyar Afirka. Sun gano cewa daga mako na uku zuwa wajen na sha biyu ne kwikwiyo yake koyon abin da zai amince da shi. Wanda ya wuce mako 14 bai saba da mutane ba yakan zauna da tsoronsu, gyaransa kuma yana da wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwikwiyon da ka ɓoye a duhu matsoraci zai zama, matsoracin kare kuwa shi ya fi saurin cizo, domin ba ya bambanta ɓarawo da yaron da ya tuntsuro kansa.

A wani bincike kuma da aka buga a 2009, likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka 140 da suka kawo su asibiti saboda matsalar hali. Cikin karnukan da aka doka ko aka shura don gyara, kashi 43 cikin ɗari sun mayar da martani da faɗa. Ka lura da abin da sanda ke koyarwa. Tana koya wa kare cewa hannun mutum abin tsoro ne. Gobe kuma hannun da zai miƙo masa ba naka ba ne, na ɗanka ne.

Kare yana haɗa abu da abin da ya same shi a daidai wannan lokaci. Idan ka dawo da yamma ka tarar ya tauna takalmi tun da safe ka doke shi, abin da ya koya shi ne dawowarka tana kawo duka. Idan kullum aka fito da jariri sai a daka masa tsawa a jefe shi, abin da ya koya shi ne ganin jariri yana kawo masifa. Amma idan ya kwanta a natse nesa kaɗan lokacin da uwa ke ba da nono, ka jefa masa ɗan ƙanzo ka yaba masa, zai koyi cewa natsuwa kusa da jariri tana kawo alheri.

Kalmomi kaɗan sun isa: sunansa, “zo”, “zauna”, “bari”, da “wurinka”. Ka koya masa ɗaya bayan ɗaya, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da ɗan abin ci a hannunka. Dukan mutanen gida su riƙa amfani da kalma iri ɗaya. Idan ya kama hannunka da haƙori cikin wasa, ka tsai da wasan nan take, ka juya masa baya, sa'an nan ka ba shi abin da ya halatta ya tauna. Idan ya yi tsalle a jikin mutum, kada a kula shi sai ƙafafunsa huɗu suna ƙasa. Tsallen da ke ba ka dariya yau, bayan wata shida shi zai kā da yaro mai koyon tafiya.

Haƙuri ba sakaci ba ne. Mai haƙuri yana kafa iyaka, yana kuma tsayawa a kanta yau da gobe da jibi. Wannan ya fi ɗaukar sanda wuya, gama sanda minti ɗaya take ci, koyarwa kuwa watanni. Mu tambayi kanmu da gaskiya, sau nawa dukan da muke kira horo huce haushi ne kawai? Biyayyar da tsoro ya haifa tana ƙarewa a inda idon mai sanda ya ƙare. Kai kuwa abin da kake bukata shi ne kare mai natsuwa ko da ka juya baya.

Kada ka kashe gargaɗi

Kare ba ya magana, amma yana nuna damuwarsa kafin ya yi cizo. Yakan juya kansa gefe, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya lashi hancinsa, ya kwantar da kunnuwa, ya tashi ya bar wurin. Idan abin ya ci gaba, jikinsa ya sandare, farin idonsa ya fito, sa'an nan ya yi gurnani. Gurnani shi ne faɗakarwarsa ta ƙarshe.

Mutane da yawa sukan doki kare saboda ya yi wa yaro gurnani. Zuciyar uba ce, ana ganewa. Amma ka duba sakamakon. Tsoron da ke cikin karen yana nan, abin da ka cire shi ne faɗakarwar. Wata rana zai yi cizo ba tare da ya yi gurnani ba, a ce ai ba a ga alama ba. Idan ka ji gurnani, ka ɗauke yaron a hankali, ka ba karen hanya, sa'an nan ka binciki abin da ya tsorata shi. Haka yake ko a zaman mutane. Gidan da ake hukunta mai faɗin damuwarsa shiru yake samu, shirun kuwa ba lafiya ba ne.

Sabo turken wawa

Akwai magana ɗaya da ta jawo hawaye a gidaje da yawa: “Karena ba ya cizo.” Likitocin yara sun daɗe suna lura cewa yawancin ƙananan yaran da kare ya ciza, karen gidansu ne ko na wanda suka sani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙon kare kowa yana tsare ɗansa daga gare shi. Na gida ne ake sakin jiki da shi.

Doka ɗaya ce ba ta da togiya. Kada a bar jariri da kare su kaɗai, ko da na ɗiban ruwa a randa ne. 'Yar'uwata, idan za ki shiga madafa, ki goya ɗanki, ko ki sa karen a wurinsa ki rufe. Yayarsa 'yar shekara bakwai ba mai tsaro ba ce, ita ma yarinya ce, kada a ɗora mata alhakin da zai bi ta har tsufa. Kare ya kasance da wurinsa mai shinge, inda zai ci abinci ya yi barci ba mai damunsa, gama kwikwiyo yana barci mafi yawan yini, wanda aka hana barci kuwa yakan yi saurin fushi kamar yaro. Kada ya kwana a ɗakin da jariri yake. Kada a bar shi ya lashi fuskar jariri ko kwanon abincinsa.

Ku ƙara lura idan yaro ya fara rarrafe. Jaririn da dā yake kwance wuri ɗaya yanzu yana bin kare, yana kama jela, yana cusa yatsa a ido. Lokutan haɗari sanannu ne: kare yana cin abinci, ko yana gwaguyar ƙashi, ko yana barci, ko yana ciwo, ko karya tana da 'ya'ya.

Wani zai ce, “Wannan ai rashin yarda ne ga dabbar da ta yi mini aminci.” Ka sāke dubawa. Wanda ya bar jariri a hannun kare ya ɗora wa kare aikin da ba a halicce shi dominsa ba, ranar da ya kāsa kuma shi za a kashe. Tsaron da kake yi yana kāre su duka biyu. Ƙauna ta gaskiya ba ta jarraba marar ƙarfi da abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da yaro ke gani

Kada ka manta, ba kare kaɗai ake horarwa a gidan nan ba. Tun kafin yaro ya iya magana yana kallon yadda ubansa ke yi da abin da ba ya iya ramawa. Idan ya ga shuri da jifa, zai ɗauka haka ake yi da wanda aka fi ƙarfi, ba kuwa a kan kare darasin zai tsaya ba. Idan ya ga ana zuba wa kare ruwa kafin a zauna cin abinci, ana yi masa magana a hankali, shi ma ya koyi wani abu wanda ba a koyar da shi da baki.

Da zarar ya fara fahimta, ka koya masa nasa iyakoki. Ba a hawan kare kamar jaki, ba a jan kunne ko jela, ba a rungumarsa a wuya, ba a taɓa shi yana ci ko yana barci. Idan baƙon kare ya nufo shi, kada ya ruga da gudu yana ihu, ya tsaya cik, ya naɗe hannuwa, ya kau da ido.

Idan abin ya faru

Ko da an yi iyakar ƙoƙari, tsautsayi yana iya zuwa. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a cusa toka, ko barkono, ko gashin karen. Kada a ce bari mu ga yadda zai kwana. Idan ana iya tsare karen ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a tsare shi a kira malamin dabbobi, gama akan lura da shi kwana goma don a gane ko yana da cutar. Amma ba a jiran kwana goman nan kafin a kai yaro asibiti.

Idan kuma ka ga duk da koyarwa karen yana sandarewa, yana kafa wa yaron ido, yana kai masa hari, to lokacin yanke shawara mai wuya ya yi. Ɗa shi ne gaba. Ka nemi shawarar likitan dabbobi, ka nema wa karen gidan da babu ƙananan yara. Amma a nan ma akwai gwajin gaskiya. Kada ka kai shi kasuwa ka sake shi ka gudu, gama ka mayar da haɗarin gidanka kan 'ya'yan wasu ke nan. Kada kuma ka ɓoye halinsa ga wanda zai karɓa. Ka tuna da mai bijimin nan da ya sani, ya yi shiru.

Abin tunani

Ya ɗan'uwana, ya 'yar'uwata, kafin ka ajiye wannan takarda ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi. An yi wa karen gidanka allurar haukan kare, ka kuma san ranar da za a sabunta? Yana da wurinsa da za a iya rufewa? Kai da matarka kun yarda a kan wanda zai ciyar da shi, da wanda zai koya masa? Ka san asibitin da za ka nufa idan cizo ya auku da dare? Idan akwai wadda amsarta “a'a” ce, ka fara da ita cikin makon nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Jaririn nan bai zaɓi gidan da za a haife shi ba. Kwikwiyon ma bai zaɓi hannun da zai ɗauke shi ba. Kai ne mai zaɓi a cikinku ukun, don haka kai za a tambaya. Allah ya ba mu hikima da haƙuri mu riƙe amanar marasa ƙarfin da ke hannunmu, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya sa salama a gidajenmu. Amin.